Tambaya ga malaman zaure: me ya sa girman madubi yake zama wahala ga mai ƙera na'urar rarrabe hasken infared?

Aisha Funtua:
Assalamu alaikum. Ina karanta bayanin ELT, babban teleskof ɗin da hukumar ESO ta ƙasashen Turai take ginawa a kan dutsen Armazones a ƙasar Chile, mai madubin da faɗinsa ya kai mita 39. Cikin na'urorin da za a ɗora masa akwai masu rarrabe hasken infared (wanda ido ba ya gani) da ƙarfin rarrabewa 100,000. Abu biyu suka ɗaure mini kai. Na farko, teleskof ɗin James Webb yana can sama tun Disamban 2021, yana ganin infared ba iskar da ta shiga tsakaninsa da taurari, to wace wahala ce ta sa ake gina irin wannan a ƙasa? Na biyu, sai na ga masu ƙera na'urorin suna kukan girman madubi. Ni dai a sanina madubi in ya ƙara faɗi haske yake ƙara tarawa, ina abin kuka a nan?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Aisha. Mu fara da lambar nan ta 100,000, don ita ce ta amsa rabin tambayarki ta farko. Ƙarfin rarrabewa, wanda ake rubutawa R, shi ne tsawon zangon hasken da kike kallo a raba shi da mafi ƙanƙantar tazarar da na'urar za ta iya bambancewa tsakanin layi biyu, wato alamomin da kowane gas ke bari a hasken da aka rarrabe. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a mayar da shi gudu. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan. Raba wannan da 100,000, kin sami kilomita 3 a sakan. Wato gas biyu da bambancin gudunsu ya kai haka, na'urar za ta nuna miki layukansu daban-daban. Na'urar NIRSpec da ke kan Webb iyakarta wajen 2,700 ne. Yi irin rabon nan, za ki ga ya haura kilomita 100 a sakan. Webb ya fi kowa ganin abu mai dishi-dishi, wannan ba gardama. Amma in ana maganar siffar layi ɗaya, faɗinsa, gocewarsa, ya karkata hagu ko dama, ba aikinsa ba ne. Na'urar da za ta yi wannan babba ce kuma mai nauyi, roka kuwa kowane kilo da kuɗinsa.

Dakta Hadiza:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Bari in ɗora da abin da ya sa iskar duniya ba ta kashe kasuwar ba. Gaskiya ne tururin ruwa da kabon dayoksaid da metan da ke samanmu suna cin hasken infared, har akwai zangunan da ba a ganin komai sam, kamar wajen maikiron 1.4 da 1.9 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Amma a sauran wuraren ba bango ba ne, layuka ne sirara dubbai da sarari a tsakaninsu. Na'ura mai rauni takan cakuɗa su su zama hazo ɗaya. Mai ƙarfin 100,000 tana ware su, sai ki leƙa ta tsakani. Haka ma layukan sinadarin OH da sararin sama ke fitarwa da kansa daga wajen kilomita 87 sama da mu, waɗanda suka cika zangon J da H (Y, J, H da K sunayen yankunan infared ne, daga gajeren zango zuwa dogo).

Abu na biyu shi ne layukan iskarmu a tsaye suke, na abin da kike kallo kuwa tafiya suke. Misalin da ya buɗe wannan fagen shi ne aikin Ignas Snellen na Jami'ar Leiden da abokansa a 2010. Sun yi amfani da na'urar CRIRES a kan VLT, teleskof ɗin ESO da ke dutsen Paranal a Chile, suka kalli duniyar HD 209458b tana gilmawa ta gaban tauraronta. Duniyar nan tana zagaye da gudun wajen kilomita 140 a sakan, don haka cikin 'yan awoyi layukan kabon monoksaid ɗinta na wajen maikiron 2.3 suna zamewa a kan ditekta (abin da ke ɗaukar hoton hasken), na iskarmu da na tauraron suna nan inda suke. Sai a cire duk abin da bai motsa ba, a tara sauran layukan gaba ɗaya. Layi ɗaya ba ya ganuwa, amma gomman layuka in an haɗa su suna fitowa. Har suka ga alamar iska mai gudun wajen kilomita 2 a sakan tana kaɗawa daga ɓangaren rana zuwa ɓangaren dare. A 2014 kuma da na'urar dai suka auna juyawar Beta Pictoris b, kilomita 25 a sakan, yininta da darenta duka wajen awa takwas.

Aisha Funtua:
Na gode Anti Hadiza, wannan ya zauna. Saura maganar kukan madubi.

Malam Garba:
To ɗauko biro. Zuciyar na'urar faranti ne da aka karta wa layuka, ana ce masa eshel. In kin duba shi a madubin ƙara girma za ki ga kamar kunyoyin gona, sai dai kowace kunya gefe ɗaya a tsaye yake, ɗayan a kwance. Haske yana shiga ta wata siririyar tsaga, a miƙar da shi ya zama damin haske mai faɗi d, ya faɗa kan farantin a karkace. Lissafin shi ne:

R = 2 × d × tan θ ÷ (φ × D)

θ karkatar farantin ce, φ faɗin tsagar kamar yadda take a sararin sama, D kuma faɗin madubin teleskof. Kin ga inda D yake? A ƙasa. In kika ninka madubi, kuma kina son R ɗinki da tsagarki su tsaya yadda suke, dole ki ninka d, wato faranti da madubai da tukunyar sanyi duk su ninka.

Mu gwada da CRIRES. Madubin VLT mita 8.2, tsagar sakan 0.2 na kusurwa (digiri ɗaya sakan 3,600 ne, kuma 0.2 ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin miliyan na radiyan ne), tan θ kuma 2, R ɗin 100,000. Lissafi ya ba da d kusan santimita 20. Farantin CRIRES na gaske santimita 40 ne a 20. Kin ga lissafin bai yi ƙarya ba.

Yanzu kai shi kan mita 39. Rawar iska takan baza hoton tauraro ya kai wajen sakan 0.7 ko a wuri mai kyau. A ce kin buɗe tsagar haka don kada ki zubar da haske, kin kuma ɗauki faranti mafi karkata, mai tan θ 4. Sai d ya zama wajen mita 1.7, tsawon farantin kuma kusan mita 7. Babu mai iya karta wannan. Ko an karta, sai a sa shi a tukunyar da aka zuƙe wa iska a sanyaya shi. Ga abin kukan.

Baban Khalifa:
Ni fa nan ne kullum nake ɓacewa. Sanyayawar ta mece ce? Ba dutse suke hawa ba, inda dama sanyi ake?

Dakta Hadiza:
Baban Khalifa, sanyin dutse bai isa ko'ina ba. Duk abin da ke da ɗumi irin na ɗaki yana fitar da hasken infared, mafi yawansa wajen maikiron 10, amma wutsiyarsa tana saukowa har ƙasa. Daga wajen maikiron 2.3 zuwa sama, madubin teleskof da ƙarafan da ke riƙe da shi da bangon na'urar kanta duk haskawa suke, kuma sun fi tauraron da kake nema haske nesa ba kusa ba. Teleskof ba yadda za a yi da shi, a waje yake. Na'urar kuwa ana kulle ta cikin tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar, a saukar da ita wajen digiri 200 ƙasa da sifili. Ditektocin da ke kaiwa maikiron 5 sai an ƙara saukar da su, wajen digiri 235 zuwa 240 ƙasa da sifili.

Kuma sanyin da kansa wani aiki ne. Alminiyam in ya sauko daga ɗumin ɗaki zuwa sanyin ruwan naitirojin yana tsukewa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Benci mai tsawon mita ɗaya ya rage milimita huɗu ke nan. Gilashi da silikon ba sa tsukewa haka. Don haka ba ka isa ka ɗaure ruwan tabarau da kusa ka matse ba, ƙarfen zai shaƙe shi ya fashe. Sai dai a zaunar da shi a kan 'yan maɓallai masu lanƙwasa da za su bi shi. Kuma duk saitin da ka yi da hannunka a ɗaki ba shi ne saitin ƙarshe ba. Za ka rufe tukunya, ka jira kwanaki ta huce, ka ɗauki hoto, ka ga layin ya ɗan goce, ka jira kwanaki ta ɗumama, ka buɗe, ka sa ɗan siririn ƙarfe a ƙarƙashin madubi ɗaya, ka sake rufewa. Shi ya sa masu wannan aiki suke ƙin duk wani abu mai motsi a cikin tukunya. Ƙaramin inji ɗaya ya maƙale a sanyi, an yi asarar makonni.

Injiniya Bashir:
Malam, da izininka. Ni ina ganin mita bakwai ɗin nan tsoratarwa ce kawai, don ka ɗauki φ a matsayin 0.7 kamar dole ne. In aka gyara rawar iska da madubi mai lanƙwasa kansa sau ɗaruruwa a sakan, hoton tauraro yana komawa iyakar da faɗin madubi ya yarda, wato tsawon zango a raba da D. Sa wannan a lissafinka, D na sama da D na ƙasa su cinye juna. Girman na'urar ya daina damuwa da girman teleskof ke nan. A maikiron 2.2, madubin mita 8 yana ba da wajen sakan 0.06, na mita 39 kuma wajen 0.012. Damin haske na 'yan santimita ya ishe ka.

Kuma in ka kai nan, me za ka yi da tsaga? Ka zuba hasken cikin zaren faiba mai hanya ɗaya, irin wanda muke binnewa a titi. Cibiyarsa maikiron 9 ce, kuma zangon da muke aika saƙo a kai, maikiron 1.55, cikin zangon H yake. Duk yadda hasken ya shiga, siffa ɗaya yake fita da ita. Ka ja zaren zuwa ɗakin ƙasa inda ba motsi ba canjin zafi, ka ajiye na'urarka a can. A teleskof ɗin Keck an riga an yi, na'urar KPIC ta ɗauki hasken duniyar da ke gefen tauraro ta zaren ta kai wa mai rarrabe haske NIRSPEC. Ni a ganina nan gaba ta nan take, sauran duk jan ƙafa ne.

Malam Garba:
Lissafinka daidai ne, Injiniya, ban da ja a kai. Ita kanta CRIRES ai da tsarin gyaran take aiki, shi ya sa ta iya zama da tsagar 0.2.

Musa Ɗan Gwammaja:
Lissafi daidai, amma Injiniya ya faɗi riba bai faɗi uwar kuɗi ba. Gyaran rawar iska yana son tauraro mai haske a kusa da abin da kake kallo, ko kuwa ɗigon haske da ake yi a sama da leza ya maye gurbin tauraron. Yana aiki sosai a zangon K, ya ragu a H, a J da Y kuma sai a hankali. Zaren mai hanya ɗaya ko a takarda, da cikakken madubi marar tabo, kusan kashi 80 cikin ɗari yake karɓa. A kan dutse, da madubi na biyu da ya tare tsakiya, da ƙarafan da ke riƙe shi, da ragowar rawar da ba a gyara ba, abin da ke shiga ya yi ƙasa da haka sosai. Daren da iska ta ɓaci kuwa sai ka zauna kana kallon allo.

Akwai hanya ta biyu da ba ta jiran rahamar iska. Maimakon haske ya faɗo kan farantin daga waje, sai a karta layukan a bayan wani dunƙulen silikon, hasken ya shiga cikin dunƙulen ya same su daga ciki. A cikin silikon tsawon zango yana gajarcewa sau 3.4, don haka faranti mai tsawon da ka sani yana ba da R sau 3.4. Ko ka juya maganar: R ɗin da kake so, da damin haske da ya ragu sau 3.4. Tunda na'ura tana da tsawo da faɗi da tsayi, girman tukunyar yana raguwa fiye da sau goma.

IGRINS ita ce hujjata. Jami'ar Texas da ke Austin da cibiyar KASI ta Koriya ta Kudu suka gina ta, ta fara aiki a 2014. Damin haskenta milimita 25 ne kacal. R wajen 45,000. Tana ɗauke zangon H da K gaba ɗaya a harbi ɗaya, daga wajen maikiron 1.45 zuwa 2.45, kuma ba abin da ke motsi a cikin tukunyarta. Ba ka zaɓen saiti, ba ka juya komai, ka nuna ka ɗauka. Saboda ƙanƙantarta har yawo aka riƙa yi da ita: McDonald a Texas, sai teleskof ɗin Lowell a Arizona, sai Gemini ta Kudu a Chile.

Malam Garba:
Musa, yawon nan da ka ambata shi ne darasin da ya fi kowanne. Aisha, duba. A McDonald madubin mita 2.7 ne, tsagar IGRINS ta kasance sakan 1. A Lowell mita 4.3, ta koma 0.63. A Gemini mita 8.1, ta koma 0.34. Ninka kowane biyu: 2.7, 2.7, 2.75. Na'ura ɗaya, tsaga ɗaya ta ƙarfe, amma sararin da take gani yana tsukewa daidai da yadda madubi ya buɗe. Kai ta kan mita 39, sai ta zama sakan 0.07. Wato Musa, dunƙulenka ya saya maka sau 3.4, madubin, daga mita 2.7 zuwa 39, ya ci sau 14. Ko da silikon ba ka tsira daga maganar Injiniya ba.

Injiniya Bashir:
Allah ya saka, Malam. Abin da nake faɗa ke nan.

Musa Ɗan Gwammaja:
Ban ce na tsira ba. Na ce kada a ɗora komai a kan zare. GMTNIRS da ake shiryawa don teleskof ɗin Giant Magellan a Las Campanas tana haɗa biyun, gyaran rawar iska da faranta na silikon, kuma tsaga ce da ita ba zare ba.

Dakta Hadiza:
Kuma akwai dalilin hakan da Injiniya bai taɓo ba. Zaren da kuke binnewa na silika ne, shi kuwa da an wuce wajen maikiron 2 ya fara shanye hasken. SPIRou da ke kan teleskof ɗin CFHT mai mita 3.6 a Mauna Kea, don ta kai cikin zangon K sai da aka yi mata zare na musamman na fuloraid, mai tsada da saurin karyewa. Daga maikiron 3 zuwa 5, inda manyan layukan ruwa da metan da kabon monoksaid suke, dogon zare ba ya cikin lissafi, kuma zaren da ke waje da tukunya shi ma ɗumi yake fitarwa. Shi ya sa METIS ta ELT, wadda Holan ke jagoranta, ba ta bi ta zare ba. Gyaran rawar iska ne, sai madubai masu yanka hoton sala-sala a cikin sanyi, sai faranti irin na Musa amma na jamaniyam, wanda ke gajarce zango sau 4. R ɗinta 100,000 a maikiron 3 zuwa 5.

Shi ma silikon da iyakarsa. Ƙasa da wajen maikiron 1.2 baƙi ne ƙirin, haske ba ya ratsa shi, don haka zangon Y ya fita. Kuma ribar 3.4 ɗin tana da haraji: duk kuskuren da aka yi wajen jera layukan shi ma ana ninka shi sau 3.4. Ana maganar kuskuren da bai wuce 'yan gomman nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiron) a faɗin farantin duka. Yadda ake yinsa ma abin kallo ne. Ba da wuƙa ake karta shi ba. Ana zana layukan da haske kamar yadda ake yin guntun kwamfuta, sai a tsoma shi a ruwan sinadarin KOH. Sinadarin yana cin silikon da sauri ta wasu fuskoki, ya kusa tsayawa cak in ya iso wata fuska ta ƙwayar kiristal ɗin, sai bangon kowane kwari ya fito sumul. Jamaniyam kuwa da bakin lu'ulu'u ake yanka shi, layi bayan layi.

Aisha Funtua:
To Anti, in haka ne me ya sa na ga na'urori da yawa masu zare? CARMENES, HPF, IRD, NIRPS, duk zare ne.

Dakta Hadiza:
Don tambayarsu daban ce, kuma a nan Injiniya yake da gaskiyarsa cikakkiya. Waɗannan farautar duniyoyi suke yi ta hanyar auna yadda tauraro ke rangaji. Jupita tana jan Rana da gudun wajen mita 12 da rabi a sakan, Duniyarmu kuwa santimita 9 kacal. Jajayen ƙananan taurari sun fi sauƙin ja, kuma mafi yawan haskensu a infared yake, shi ya sa aka bi su can. Yanzu ki lissafa. In kilomita 3 a sakan ya bazu a kan ɗigo biyu zuwa uku na ditekta, ɗigo ɗaya ya kama kilomita ɗaya da wani abu. Mita ɗaya a sakan ya zama kusan kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo. Ɗigon HAWAII-2RG na kamfanin Teledyne maikiron 18 ne, don haka motsin da kike nema bai kai nanomita 20 ba, kuma kina son ki gwada na yau da na baɗi. Na'urar da ke manne a jikin teleskof, mai faranti da ake juyawa kowane dare, ba za ta riƙe wannan ba. Tauraro ya ɗan matsa gefe ɗaya na tsaga ma ya isa ya ba ki gudun ƙarya. Sai zare, sai ɗakin ƙasa, sai a hana komai motsi. HPF da ke kan teleskof ɗin Hobby-Eberly a Texas tana riƙe zafin bencinta da sauyin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na digiri ba. IRD ta teleskof ɗin Subaru kuma da tsefen leza, wato lezar da ke fitar da layuka a jere kamar haƙoran tsefe, take auna zangonta, don fitilun da aka saba ba su da isassun layuka a infared.

Amma yawancinsu zare mai hanyoyi da yawa suke amfani da shi, ba irin na Injiniya ba, kuma shi da ciwonsa. A infared hanyoyin da haske ke bi a cikin zaren ba su da yawa, sai fitarsa ta yi dabbare-dabbare, kuma dabbaren yana sauyawa in zaren ya motsa. Maganin da aka samu, kar ku yi dariya, shi ne a sa inji ya riƙa girgiza zaren duk tsawon ɗaukar hoto don dabbaren ya gauraye.

Injiniya Bashir:
To ai kin dawo gidana, Dakta. Zare mai hanya ɗaya ba shi da wannan ciwon ko kaɗan.

Dakta Hadiza:
Ba shi da shi, sai dai yana da na karkatar igiyar haske, wanda faranti ke ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Mamane Agadas:
Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Tunda ruwa ne abokin gaba, mu nan Ayar ai ba mu da shi. Dutsen Bagzan ya haura mita 2,000. Ba za a iya kafa irin wannan a can ba?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Mamane. Bushewar ƙasa daban, bushewar sama daban. Abin da ake aunawa shi ne in aka matse duk tururin da ke saman kanka ya zama ruwa, milimita nawa zai yi. A Paranal, mai tsayin mita 2,635, yawanci biyu zuwa uku ne. Mauna Kea ta haura mita 4,000, ta fi haka bushewa. Yankinmu da damina gommai ake ƙirgawa, da rani kuma in tururin ya sauka ƙurar hunturu ta hau, ita kuma tana dishe haske, tana kwanciya a kan madubi, madubi mai ƙura kuwa ƙarin ɗumi yake fitarwa a infared. Ƙaramin teleskof na hasken ido wata magana ce daban, Maroko tana yi a Oukaïmeden. Babban da Afirka ke da shi, SALT a Sutherland ta Afirka ta Kudu, na'urarsa mai babban ƙarfin rarrabewa ta hasken ido ce.

Musa Ɗan Gwammaja:
Ni abin da nake so a ƙara duba shi ne ANDES, ɗaya na'urar ta ELT, don ita an ce za ta yi aiki ko ba gyaran rawar iska. Malam ya ce faranti mita bakwai. Ta ina suka bi?

Malam Garba:
Ta yanka. In hoton tauraro ya fi tsagarka faɗi, sai ka yanka shi, ka jera yankan a tsaye ɗaya bisa ɗaya su zama doguwar siririyar tsaga. Ko da madubai, ko da damin zare masu yawa. Faranti ya tsira, amma bashin ya koma kan ditekta. Ga lissafi na sama-sama, nawa ne ba nasu ba. Ɗauki damin haske na santimita 20 da faranti mai tan θ 4 a kan mita 39. Tsagar da za ta ba ka 100,000 ita ce wajen sakan 0.085. Hoton 0.7 ya yanku kashi takwas, kowane yanki tsawonsa ya ninka faɗinsa sau takwas, jimla 64. In kowane faɗi ɗigo biyu da rabi ne, tsayin tsagar ya zama ɗigo 160. A ɗaya gefen, don ka rufe maikiron 1 zuwa 2.5 a wannan R kana bukatar ɗigo wajen 230,000 a jere, wato sahu 112 a kan ditekta mai ɗigo 2,048. Ninka 112 da 160, ka raba da 2,048. Ditekta tara ke nan, ba a sa gurbin sararin sama da na fitilar awo ba, ba a bar rata tsakanin sahu ba. Shi ya sa ake raba irin wannan na'ura gida-gida, kowane zango da tukunyarsa.

Dakta Hadiza:
Kuma ba kuɗin ditektocin kaɗai ba, Malam. Kowane ɗigo yana ƙara tasa hayaniyar duk lokacin da aka karanta shi. Hasken da ka baza a ɗigo 160 ya kwashi hayaniyar ɗigo 160. Ga tauraro mai haske ba komai, ga mai dishi-dishi kuwa ribar babban madubin ce take zubewa. Sannan ditektocin nan suna da riƙo. In ka kalli tauraro mai haske don auna layukan iska, sai ka juya kan abu mai rauni, inuwar na farkon tana nan a kan ɗigon tana dusashewa a hankali, wani lokaci har awoyi. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka layi ya gano. Duk wanda zai sauke bayanan CRIRES+ daga rumbun ESO, wanda ake buɗe wa kowa bayan shekara ɗaya da ɗauka, ya fara duba abin da aka kalla kafin nasa a daren.

Aisha Funtua:
Anti, CRIRES+ ɗin wata ce daban da wadda Malam ya yi lissafi da ita?

Dakta Hadiza:
Ita ce dai aka yi wa garambawul. Ta farko ta fara aiki a 2006, kuma sahu ɗaya tak take ɗauka, ɗan siririn yanki na zango a kowane harbi. Aka sauke ta a 2014, aka sa mata faranta na biyu masu baza sahun a tsaye, aka canza ditektocin zuwa HAWAII-2RG guda uku, ta koma aiki sosai a 2021. Abin da take rufewa a harbi ɗaya ya ninka kusan sau goma. Babban farantin eshel ɗin bai canza ba.

Musa Ɗan Gwammaja:
Sau goma, amma har yanzu sai ta yi saiti da yawa kafin ta rufe abin da IGRINS ke ɗauka a harbi ɗaya.

Injiniya Bashir:
Da rabin ƙarfin rarrabewa, Musa. Faɗi wannan ma.

Musa Ɗan Gwammaja:
Na faɗa, 45,000. Ga duniya mai gudun kilomita 140 a sakan ya isa, yawan layukan da ka tara shi ne riba. In iskar kilomita 2 kake nema, ko kana son ka raba layin ruwan Mars da na samanmu, to a nan kam je ka nemi lokaci a kan CRIRES+ a Paranal.